Alhamdu Lillahin Mai Jin Yunwa

Ni dai ban yi boko ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Amma idan takarda mai nauyi ta shigo gida, nakan gane ta tun daga yadda aka riƙo ta. Hannu biyu jikata ta sa ta riƙo wannan, ta durƙusa gabana ina tsintar wake, ta ce, "Kaka, sun ɗauke ni." Ummi muke ce mata, don sunan marigayiya surukata aka sa mata, ni kuwa har yau bakina bai iya furta sunan nan ba. Ta gama jami'a, ta nemi ƙarin karatu a ƙasar Sin, wadda yaran yanzu ke kira Cana, a kan yadda ake tare ruwan damina a yi noman rani da shi. To ga shi sun amsa. Abin da ya rage kawai wani babba a gida ya sa hannu, a mayar da takardar kafin Juma'a. Baffanta ya ce shi ba shi da ta cewa, ni na raine ta, abin da na faɗa shi za a yi.

Ni kuwa na san abin da zan faɗa tun kafin ta rufe baki. Ubanta, ɗana na fari, a-kori-kura ya hau zuwa kasuwar Runka, ya ce in ajiye masa fura, ban sake ganinsa ba. Gidanmu na Karare mun baro shi da rumbu cike, muka zo muka raɓe a nan cikin Batsari. Yanzu kuma a ce in ɗauki abin da ya rage mini in miƙa wa jirgin sama? Haba! Amma ban ce a'a ba, don mu tsofaffi mun iya hana mutum abu ba tare da mun ce a'a ba. Na ɗaure fuska na ce, "To, ga hanya nan. In kin ga za ki iya tsallake ni ki tafi, bismillah." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi, Kaka, na haƙura. Wanda na yi ma ya ishe ni." Na ce madalla, Allah ya yi miki albarka. Na ci gaba da tsintar wakena, hankalina kwance.

Ranar Laraba da la'asar na zaga bayan madafa neman tsintsiya, sai na iske ta zaune kan turmi a kife, ta toshe kunnuwa da igiyar waya, tana maimaita wasu kalmomi a hankali, tana zana su a wani ɗan littafi, rubutu kamar tonon kaza. Tana ganina ta miƙe zumbur ta tura littafin ƙarƙashin hijabi. Na taɓa kama wani mutum a irin wannan tsayuwar, da hannu a ɓoye da ido a ƙasa, tun ina amarya a Karare.

Ku da kuka tashi yanzu ba ku san Karare ba, ko da kun taɓa ratsa ta kan babur kuna waige-waige. A zamanin da nake faɗi babu mai waige. Luguden mata ke tada gari, wannan gida ya buga, wancan ya amsa, har kana iya gane dakan wance daga na wance ba tare da ka leƙa ba. Sai kukan zabi, sai faɗuwar guga cikin rijiya, tinjim, sai matan Fulanin rugar bayan gari su shigo da ƙorai a ka, mu auna musu gero su zuba mana nono, muna tsokanar juna a kan wa ya fi wani wayo. Maza su saɓa hauya su yi nisa har bakin daji, ba abin da suke dubawa sai hadari. Da magariba kowane gida ya fitar da akushinsa ƙofar gida a yi ciyayya, mai wucewa ma a kira shi ya sa hannu. Yanzu kuwa ƙarar injin niƙa ke tada mu, ana idar da magariba an ja ƙyaure, kuma idan ƙarar babura ta yi yawa kowa sai ya yi tsit yana saurare. Ba na cewa da babu wahala, akwai ta, tabon igiyar guga na nan a tafin hannuna. Amma wahala ce da mutum ke kwana da ita ya yi barci.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ne a unguwarmu ya kai jami'a a lokacin. Da aka yi dogon hutun damina sai ga shi ya dawo da baƙo. Basine ne, siriri, da tabarau, da wata ƙatuwar jaka da sai da mutum biyu suka kama. An turo shi ne daga ƙasarsu ya koyi Hausa, ya ce ta cikin aji ta ishe shi haka, ta bakin manoma yake so. Rabin gari suka taru kallo. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban surukina, wanda muke kira Baba, ya jero gaisuwa tiryan-tiryan, ina wuni, ina gajiya, yaya damina, yaya iyali, yaya dabbobi, bai tsallake ko ɗaya ba, bai kuma jira amsar ko ɗaya ba. Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya dubi ɗansa ya ce, "Wanga baƙo nawa ne, ba naka ba." Aka sauke shi a shigifar da ke kusa da zaure. Ko ruwa bai gama sha ba saƙo ya iso, wai ana neman maigidana a Katsina a kan aikin koyarwar da ya nema. Ya kama hanya a ranar, ya ce kwana biyu zai yi, ya yi huɗu.

Ni aka bar wa girki, don Inna surukata ta ce a bari baƙo ya ga hannun amarya. Na zage na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa miyar kuka da daddawa da man shanun da Inna ke ɓoyo, aka yanka zabo. Aka kai zaure, ni kuma na laɓe bayan ƙyaure ina jiran in ji yabo. Baba ya buɗe akushi ya ce, "Malam, bismillah." Baƙo ya haɗa hannuwa, ya ɗan russuna, ya ce, "Alhamdu lillahi." To kun san mu. Idan aka ce maka bismillah ka ce alhamdu lillahi, ka ce ka ƙoshi ke nan, a ci lafiya. Baba kuwa mutum ne mai kara, ba ya son takura wa baƙo. Ya ce, "To, madalla," suka cinye shi da ƙannensa, baƙo na zaune yana ta murmushi.

Inna ta ce ƙila kunyar manya yake ji, a kai masa nasa ɗaki. Na zuba wani, na je bakin shigifa, na tsaya daga waje na yi sallama na ce, "Ga abinci, bismillah." Daga ciki aka ce, "Alhamdu lillahi." Na tsaya jim, ban ji ƙarin magana ba, na juyo da kwanona. Washegari koko da ƙosai, haka. Da rana ɗanwake, haka. Inna ta ce ai ƙatuwar jakar nan abincin gwangwani ne a ciki, irin mutanen nan ba su cin namu. Ni kuwa raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Yarinya ce ni mai ji da kanta, a gidanmu yabon tuwona ake yi, sai ga wani ya taso daga ƙarshen duniya yana ƙyamar hannuna. Na ce wa Inna, "In ya ga dama ya ci tabaraunsa." Ta kai mini duka da mara, amma ita ma dariya take yi.

Abin da ya ɗaure mana kai, mutumin bai canza fuska ba. Kafin a fito masallacin asuba ya share shigifa da ƙofar zaure, ya tsaya tsakar fili yana ɗaga hannu da ƙafa a hankali kamar mai iyo a tafki. Riga biyu gare shi, kullum tsaf, shi ke wanke abinsa ya shanya. Ya saɓa hauya ya bi Baba gona, ana maimai, ya kama kunya guda ta gero ya ƙi saki sai ya kai ƙarshenta, tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa. A aljihunsa akwai ɗan littafi. Ya kafa wa kansa doka, kalma ashirin kowace rana, kuma ba ya hutawa sai sun cika. Ya tambayi sunan ciyawa, ya tambayi sunan ƙwaro, ya tambayi abin da ake ce wa jaki idan ana so ya tsaya. Baba ya dawo gida yana cewa, "Wanga yaro akwai zuciya, sai dai ban san mi yake ci ba." Na ce a raina, gwangwani mana.

Ina da al'ada, idan na kankare ƙanzon tukunya sai in baza shi a faifai in ɗora kan guntuwar katangar da ta raba cikin gida da shigifa, ya sha rana. Rana ta biyu na ga ya ragu, na zagi kaji. Ta uku na ga ya ƙara raguwa, na ce akuyar Inna ce, baƙar nan mai hawan katanga. Da azahar, bayan an taso daga gona, na ɗauki muciya na laɓe, na ce yau sai na karya mata ƙafa. Ina nan sai na ga hannu ya taso daga bayan katanga, hannun mutum, ya laluba ya ɗauki ɓallin ƙanzo guda, ƙarami, ya koma. Na zagaya da muciyata a sama. Ga baƙonmu a tsugune yana gurgurar busasshen ƙanzo. Ya miƙe zumbur ya ɓoye hannun a bayansa, fuskarsa ta yi jawur. Na ce, "Inna lillahi! Inna! Inna, fito ki gani!"

Inna ta fito tana gyara ɗaurin zane. Ta dube shi, ta dubi faifai, ta ce, "Ɗan nan, yunwa kake ji?"

Ya ce, "E, Inna. Yau kwana uku."

"To don mi ake ba ka abinci kana ƙi?"

Ya zaro ido. "Ban ƙi ba. Godiya na yi."

Ya shiga shigifa da sauri ya buɗe ƙatuwar jakar nan. Ko gwangwani ɗaya babu, littattafai ne zalla. Ya zaro ɗaya ya karanta mana, wai idan aka ce maka bismillah a wurin cin abinci, amsar ita ce alhamdu lillahi. Mai littafin ya rubuta amsa, bai rubuta abin da amsar ke jawowa ba. A jami'a kuwa layi suke bi kowa ya karɓi nasa, ba mai ce wa wani bismillah. Ya ce, "A garinmu, idan aka kira ka abinci sau ɗaya ka miƙa hannu, za a ce mahaifiyarka ba ta yi maka tarbiyya ba. Sai ka ƙi, a sake kira, ka ƙi, a kira na uku, sannan ka ci. Ni na biyun nake ta jira."

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "To da ka ji shiru, me ya hana ka magana? Ai kana da baki, gaisuwa ma goma kake jerowa."

Ya yi ƙasa da kai. Ya ce shi ma ɗan manoma ne, ya san damina. A ƙauyensu irin wannan lokaci rumbu ya yi ƙasa, uwaye kan ce sun ƙoshi don yara su samu. Da ya ga ba a sake kiransa ba, sai ya zaci abincin gidan ne ba zai isa ba, Baba ya kira shi ne don cika al'ada kawai. Bai so ya kunyata dattijo a gaban ƙannensa ba. Inna ta zauna daɓas a ƙasa ta riƙe haɓa, hawaye na zubo mata. Ta ce, "Ikon Allah. Mu muna yi maka kara, kai kana yi muna kara, yunwa na cin ka a tsakani." Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, ga muciya a hannuna na rasa inda zan ajiye ta.

Na ruga na ɗumama sauran tuwo na kawo. Yana wanke hannu Inna ta tambaye shi don me bai tattara ya koma birni ba. Ya ce ranar da zai bar gida duk ƙauyensu suka rako shi har bakin titi, mahaifiyarsa ba ta taɓa ganin jirgi ba amma ta sake shi. To da wane ido zai koma ya ce musu yunwar kwana uku ta kore shi? Ya ce, "Ku kuna cewa shan wuya, mu cin ɗaci muke cewa. Tun muna yara ake koya mana, wai wanda ya iya cin ɗaci shi ke kaiwa inda za shi. Kuma Inna, wannan kalma, ci, a harshenmu ma ci ne." Inna ta ce, "A'a! Ashe 'yan'uwa ne mu. To ci." Ya dube ta. Ta ɗaga yatsu biyu ta ce, "Ci." Ta ɗaga na uku, "Ci, ɗan nan, don Allah ci." Malmala uku ya tashi da su, ya suɗe kwanon, ya ce bai taɓa cin miya irin wannan ba. Na san yunwa ce ke magana, amma na karɓi yabona.

Da labari ya kai kunnen Baba bai yi dariya ba. Abin ya yi masa ciwo, baƙo ya kwana uku da yunwa a gidansa yana kuma yi masa noma. Da magariba ya buɗe akushi a gaban kowa, ya dubi baƙo ya ce, "Bismillah. Bismillah. Bismillah. Sun cika?" Sai a lokacin aka fashe da dariya. Daga ranar sunansa ya koma Malam Alhamdu, har matan ruga haka suke kiransa. Daga ranar kuma a gidanmu sau uku ake kiran baƙo, maƙwabta na yi mana tsiya wai mun koma Sinawa.

Ya yi wata biyu da mu. Kafin ya tafi ya karanta wa Baba shafin ƙarshe na ɗan littafinsa, ni ina jin su daga bayan katanga. Ya tsara rayuwarsa layi-layi, bana kaza, baɗi kaza, har shekara goma: zai gama karatu, zai yi aikin fassara, zai kai mahaifiyarsa birni a duba mata ido. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Tsari ya yi kyau, amma ka yi mantuwa. Ba ka sa in sha Allahu ba." Malam Alhamdu ba Musulmi ba ne, amma ya zaro biro ya bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya yana ƙarawa. Bayan tafiyarsa wasiƙa ta zo sau biyu ko uku, daga nan shiru. Shekaru bayan haka maigidana na murɗa rediyo ya kira ni da sauri, wata murya daga nesa tana karanta labarai da Hausa, tana jan wasu kalmomi irin na mutanenmu. Shi ya ce shi ne. Ni ban tabbatar ba, amma ban yi musu ba.

To shi na gani a bayan madafa ranar Laraba. Na zauna kan turmin na ce, "Ummi, fito da littafin."

Ta fito da shi, idonta a ƙasa.

"Kalma nawa kike rubutawa kullum?"

"Goma, Kaka."

"Ba kin ce kin haƙura ba?"

"Na haƙura. Sabo ne kawai."

Na ce, "Ƙarya kike yi, 'yar nan, kuma ni na sa ki." Na faɗa mata gaskiya, abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ce tsoro nake ji. Duk wanda ya fita ƙofar nan sai in ga kamar ubanta ne ya ce in ajiye masa fura. Sai ta fashe da kuka ta ce ai shi ya sa, wa zai riƙa ɗauko mini magani, wa zai shafa mini man zafi a gwiwa. Ka ji fa. Ni ina zaune ina murna ta ƙoshi, ashe ita ma kara take yi mini, tana bin bayan madafa tana tsintar ɓallin abin da ranta ke so.

Na ce ta buɗe shafin ƙarshe, don na san irinsu, ba a rasa shafin ƙarshe. Akwai kuwa. Ta karanta mini. Layin ƙarshe ya ce idan ƙasa ta lafa za ta koma Karare ta tare ruwan kwarin da ke bayan gonarmu, Kaka ta ga albasa kore shar a tsakiyar rani. Na ce, "Kin sa in sha Allahu?" Ta ce, "Kowane layi, Kaka."

Na ce, "To saurara. Bismillar da na yi miki rannan ba ta kirki ba ce, amma mu ɗauke ta ta farko. Ga ta biyu. Bismillah, ki tafi."

Ta ce, "Kaka, alhamdu..."

"Rufe mini baki! Na san wannan alhamdu lillahin, na taɓa zagayo shi da muciya." Na kamo hannunta na riƙe. "Ga ta uku. Bismillah, Ummi, da zuciya ɗaya. Tashi ki kira baffanki ya zo da biro."

Aka sa hannu, ta tafi Sin ɗin. Ba zan ce muku tsoron ya bar ni ba, yana nan, tare muke kwana muke tashi, gwiwa kuma matar baffanta ke shafa mini, hannunta ba taushi. Ranar tafiyar na ƙulla mata ƙanzo da ƙuli-ƙuli a leda, na ce in sun kira ki abinci can kada ki tsaya lissafi, kuma in wani abu ya dame ki ki buɗe baki ki faɗa, ɗacin da ya zama dole ma ya ishe ki. Duk Juma'a takan kira a wayar baffanta, ta ba ni labarin sanyi da karatu da kalmominta da suka koma ashirin. Abin da nake fara tambaya shi ne, kin ci abinci? Ta yi dariya ta ce wai tsofaffin can ma haka suke gaisawa. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi, Kaka." Ni kuwa ba na mayar da wayar sai na tambaya sau uku.